Zaurukan Intanet: 'Yancin Mamba da Ikon Admin

Zauren intanet taron mutane ne da wata alaƙa ta haɗa, suna magana da juna ta waya ko kwamfuta, kowa daga inda yake zaune. Idan aka dubi inda iko yake, zaurukan sun kasu gida biyu. A kafofi irin su Facebook da TikTok da X, kamfani ɗaya ne ke rubuta doka, shi ke sa ido, shi kuma ke goge rubutu ko rufe shafin wanda ya ga dama. A gida na biyu ikon a warwatse yake, ya faɗa hannun dubban ƙananan shugabanni, kowanne da 'yar da'irarsa. Mutane da yawa na ɗaukar wannan gida na biyu a matsayin wurin da babu mai mulkar kowa. Ba haka abin yake ba. Mulki yana nan, sai dai ya ƙanƙance, ya yi yawa, kuma sau tari babu mai tambayar wanda ke riƙe da shi.

Warwatsuwar ikon ma mataki-mataki ce. A guruf ɗin WhatsApp, kamfanin Meta ne ke da hanyar da saƙo ke bi, amma ba ya ganin abin da ke cikin saƙon, don haka tafiyar da zaure ta rage ga admin. A Wikipedia, gidauniyar Wikimedia ce ke da kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan, amma marubutan kowane harshe ne ke yanke abin da zai zauna da abin da za a cire. A Mastodon da ire-irensa babu ma kamfani ɗaya da ya mallaki hanyar.

Zauren da ke cikin aljihu

A ƙasar Hausa, wanda kowa ya sani cikin ukun nan shi ne na WhatsApp. A Daura da sauran ƙananan hukumomin masarautar, wato Baure da Mai'adua da Sandamu da Zango, da wuya a sami mai wayar zamani da ba ya cikin zaure biyu ko uku: na dangi, na tsofaffin ɗalibai, na 'yan unguwa, na masallaci, na 'yan kasuwa, na magoya bayan wani ɗan takara. Ɗaliban manyan makarantun garin ta nan suke jin an ɗaga lacca. Masu hulɗa da kasuwar Mai'adua ta nan suke tura hoton kaya da farashi. Kasancewar iyaka na nan kusa a Kongolam, ba abin mamaki ba ne zauren dangi ɗaya ya haɗa lambobin Najeriya da na Nijar, wasu a Daura, wasu a Magarya ko Damagaram.

Wanda ya buɗe zaure shi ne admin na farko, kuma babu wanda ya zaɓe shi. Ya riga kowa danna maɓalli ne kawai. Manhajar ta ba shi ikon shigar da mutum da cire shi, da naɗa wasu admin da sauke su, alhali shi waɗanda ya naɗa ba za su iya sauke shi ba. Tun 2018 yana iya kulle zaure ya zama admin kaɗai ke magana. Tun 2022 yana iya goge saƙon kowa daga wayar kowa. A ƙarshen wannan shekarar kuma aka faɗaɗa zaure ya kai mutum 1,024, bayan an daɗe a kan 256. A Telegram adadin yakan kai 200,000. Mutum dubu ba majalisar hira ba ce, ƙaramin ƙauye ne, amma kayan mulkin da aka ba shugabansu bai wuce na mai masaukin da ya gayyaci abokai biyar ba.

Wani masanin kafofin sadarwa na Jami'ar Colorado a Amurka, Nathan Schneider, ya yi nazarin wannan tsari, ya nuna cewa kusan duk manhajojin zauruka an gina su ne a kan shugaba mai cikakken iko da talakawan da ba su da abin yi sai biyayya ko ficewa. Ba wai masu kafa zauruka ne suka zauna suka zaɓi mulkin mutum ɗaya ba. Abin da suka tarar a manhaja ke nan.

Shi ya sa rigingimun zauruka suke kama da juna ko'ina. An buɗe zaure don tara kuɗin gyaran makaranta, sai tallan atamfa da hotunan barka da Juma'a suka binne sanarwar. Lokacin zaɓe ya zo, admin ya cire wanda ya soki ɗan takararsa ya bar wanda ya zagi na hamayya. Wani ya ɗauki hoton hirar cikin zaure ya kai waje. Aka tara gudummawar marar lafiya a asusun mutum ɗaya, ba a ƙara jin bayani ba. Maganin da aka fi yi shi ne waɗanda aka ɓata wa rai su fice su buɗe nasu, da suna kusan iri ɗaya. Ficewa 'yanci ne na gaske, kuma shi ne babban abin da ke taka wa admin birki. Amma ba kowane zaure ake iya bari ba. Ɗalibin da ya fita daga zauren ajinsu zai rasa jadawalin jarrabawa, matar da ta fita daga na dangin miji kuwa sai an kira ta an ji dalili.

Marubutan littattafan Hausa na onlayin sun ɗanɗana zaƙi da ɗacin wannan tsari. Hukumar tace finafinai da ɗab'i ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta saba da littafin da ake bugawa a kai kasuwa. Marubuciyar da ke sakin labarinta shafi-shafi a zauren da sai an biya ake shiga ba ta bi ta gaban kowace hukuma ba, ba ta kuma jira mai shago ya biya ta. Mata da yawa sun sami murya da abin hannu ta wannan hanya. Sai dai ranar da wata mamba ta kwashe littafin ta watsa shi kyauta a wasu zauruka, marubuciyar ba ta da wurin kai ƙara, iyakarta ta cire wadda take zargi ta yi Allah ya isa.

Abin da kamfani ba ya gani

A Afrilun 2016 WhatsApp ya kammala kulle saƙonni ta yadda wayar mai aikawa da ta mai karɓa ne kaɗai ke iya buɗe su. Wannan kariya ce babba ga ɗan jarida da ɗan adawa da duk mai sirrin da bai shafi kowa ba. Amma kullen da ya hana ɗan leƙen asiri gani shi ya hana kamfanin ganin ƙarya. Sai in wani mamba ya kai rahoto ne kamfanin ke karɓar saƙonni biyar na ƙarshe na wanda aka kai ƙara.

Najeriya ta ga illar saƙon da ba a tantance ba tun kafin kullen. A Agustan 2014, lokacin Ebola, aka wayi gari da saƙon cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Cikin dare ɗaya ya zagaye ƙasar ta saƙon waya da kira, aka ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum 2, wasu kuma suka kwanta asibiti. Wanda ya tashi mahaifiyarsa da asuba ya ce ta yi wankan ba mugu ba ne. Saƙon ya zo masa ne daga wanda ya yarda da shi, kuma wannan yarda ita ce ƙarfin zaure, ita ce kuma rauninsa. Gabanin zaɓen 2019 aka yi ta yaɗa cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya rasu an kawo wani Jibrin daga Sudan ya maye gurbinsa, har sai da shi da kansa ya ƙaryata a Poland a Disambar 2018. Wani bincike da cibiyar CDD ta Abuja ta yi tare da Jami'ar Birmingham a jihohin Kano da Oyo ya nuna yadda jam'iyyu suka jera zaurukan WhatsApp tun daga matakin ƙasa har zuwa mazaɓa, da yadda sojojin baka ke amfani da su. Binciken bai tsaya ga sharrin kawai ba, ya kuma nuna cewa zaurukan sun ba matasa da ƙananan 'yan takara damar a ji su ba tare da sun sayi fili a rediyo ba.

Mafi muni shi ne abin da ya faru a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato a Mayun 2022. Saɓani kan irin abin da ya dace a riƙa turawa a zauren ɗalibai ya kai ga wani saƙon murya, aka zargi wata ɗaliba da ɓatanci, wasu gungun mutane suka kashe ta. Majalisar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan, gwamnatin jiha ta rufe kwalejin, daga baya ta sa dokar hana fita. Magana zarar bunu ce tun can, amma saƙon murya ya fi ta baki haɗari, domin ana iya tura shi ga mutanen da ba su ji abin da ya gabace shi ba.

Da yake kamfanin ba ya karanta saƙo, matakan da yake ɗauka na kan hanya ne, ba na kan magana ba. A 2018 ya fara sa alama a kan saƙon da aka turo daga wani wuri. A Janairun 2019 ya taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci guda. A Afrilun 2020, cikin annobar korona, saƙon da ya riga ya yi yawo da yawa aka mayar da shi wuri ɗaya kacal. Waɗannan matakai suna rage gudun ƙarya da gudun gaskiya daidai wa daida. Bambance su ya rage ga mutanen cikin zaure, kuma malamai sun daɗe suna tunatarwa da umarnin da ke cikin Suratul Hujurat na tantance labari kafin a yi aiki da shi.

Gudun iko ɗaya

Me ya sa wasu ke neman a ƙara warwatsa iko duk da waɗannan matsaloli? Amsar tana cikin abin da ya faru a Yunin 2021. Kamfanin Twitter, wato X na yanzu, ya goge wani rubutu na Shugaba Buhari a kan cewa ya saɓa wa dokokinsa. Ranar 4 ga wata gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da kafar, kamfanonin sadarwa suka toshe ta washegari, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022. A Yulin 2022 kotun ECOWAS ta yanke cewa dakatarwar ta saɓa wa doka. Cikin mako ɗaya 'yan Najeriya suka ga iko biyu a fili: kamfanin da ke Amurka yana iya goge maganar shugaban ƙasa, gwamnati kuma tana iya rufe bakin miliyoyin mutane da umarni ɗaya. Wasu hukumomin gwamnati suka koma wata manhajar Indiya mai suna Koo. A 2024 ita ma Koo ta rufe, duk abin da aka tara a cikinta ya bi ruwa.

Mastodon, wanda wani matashi a Jamus, Eugen Rochko, ya fitar a 2016, ƙoƙari ne na kauce wa irin wannan. Kowa na iya kafa tasa uwar garken, wato kwamfutar da ke ɗauke da asusun mambobi, ya rubuta dokokinsa, ya karɓi wanda yake so. Waɗannan uwayen garke suna magana da juna ta wata ƙa'idar sadarwa mai suna ActivityPub, wadda aka amince da ita a 2018, kamar yadda mai layin MTN ke kiran mai layin Airtel. Babu ofishi ɗaya da gwamnati za ta rubuta wa takarda, babu attajiri ɗaya da zai saye duka. Da Elon Musk ya sayi Twitter a Oktoban 2022 kan dala biliyan 44, mutane da yawa sun yi ƙaura zuwa can saboda wannan dalili.

Ba a daɗe ba aka gane cewa rashin sarki ɗaya ba ya nufin rashin hukunci. A 2019 wata kafa mai suna Gab, wadda ta yi ƙaurin suna wajen tara masu ƙiyayyar launin fata, ta ɗauki manhajar Mastodon ta kafa tata uwar garken. Babu mai ikon hana ta, domin manhajar kyauta ce ga kowa. Abin da sauran suka yi shi ne kowace ta yanke hulɗa da ita, har ta zama saniyar ware. Wannan yanke hulɗa shi ne babban makamin tsarin, kuma makami ne mai kaifi biyu: idan shugabannin uwayen garke biyu suka yi faɗa, mambobinsu da ba su san hawa ba su san sauka ba sai su wayi gari ba sa ganin juna. A 2019 ɗin ce kuma aka fito da wani alkawari ga duk uwar garken da ke son a tallata ta ga sababbin shiga: ta riƙa hukunta masu cin zarafi, ta riƙa adana kwafin bayanai kullum, a sami wani mutum bayan mai ita da zai iya shiga idan ta ɓaci, kuma ta ba mambobi sanarwar wata 3 kafin ta rufe. Sharuɗɗa biyun ƙarshe sun nuna inda gizo ke saƙa. Yawancin masu riƙe da waɗannan wurare 'yan sa kai ne, da kuɗin aljihunsu suke biya, suna gajiya, suna rashin lafiya, suna yin fushi. Mamba na iya ƙaura da mabiyansa zuwa wata uwar garken, amma tsofaffin rubuce-rubucensa ba sa binsa.

Akwai kuma iyakar da babu manhajar da ta tsallake. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a Zamfara da ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda yaƙi da 'yan bindiga. A wuraren da abin ya shafa, zaure mai shugaba ɗaya da mai shugaba dubu duk shiru suka yi.

Wikipedia: inda komai ke a rubuce

Cikin manyan zaurukan da ke mulkin kansu, Wikipedia tana cikin waɗanda suka fi daɗewa. An kafa ta ranar 15 ga Janairun 2001, tana da sassa a harsuna sama da 300, ciki har da Hausa, inda ƙungiyar Hausa Wikimedians ke shirya horo da gasar rubutu. Kowa na iya gyara kusan kowane shafi. A hankalce ya kamata abin ya watse tun shekarar farko.

Abin da ya riƙe ta shi ne babu aikin da ake yi a ɓoye. Kowane gyara yana shiga tarihin shafi da sunan mai shi da lokaci, kuma ana iya mayar da shafi yadda yake jiya. Kowace maƙala tana da shafin tattaunawa inda ake yin gardama a gaban kowa. Admin ba ya naɗa kansa, sai ya nemi amincewar marubuta a fili, kuma toshe wani ko goge shafi da ya yi yana shiga rajistar da kowa zai iya dubawa. Wanda aka toshe yana da hanyar neman a sake duba hukuncin. A sashen Ingilishi akwai dokar da ta hana mutum warware gyaran wasu fiye da sau 3 a shafi ɗaya cikin awa 24, don kada taurin kai ya zama hujja.

Duk da haka ƙananan sassa sun sha faɗawa cikin matsala, kuma su ne darasi ga na Hausa. A Agustan 2020 aka gano cewa wani matashi Ba'amurke da bai iya harshen Scots na Sikotilan ba ya rubuta maƙaloli sama da 20,000 a sashen harshen, yana ɗaukar Ingilishi yana sauya masa haruffa. Ya yi shekaru yana yi da kyakkyawar niyya, har ya zama admin, domin masu harshen ba sa nan balle su ce masa ba haka ake faɗa ba. A sashen harshen Kuroshiya kuwa wasu 'yan tsirarun admin ne suka mamaye wurin kusan shekara goma, suna karkatar da tarihi zuwa ra'ayinsu na siyasa, suna korar masu ja da su, har sai da gidauniyar ta sa aka yi bincike aka fitar da rahoto a 2021. Na farko 'yanci ne ba mai dubawa. Na biyu dokokin zauren ne da kansu aka mayar sandar duka.

Wikipedia ta Hausa tana da nata tambayoyin da babu wanda zai amsa mata daga waje. Idan an zuba fassarar na'ura ba a gyara ba, a goge ko a bari wani ya zo ya gyara? Gogewa na iya korar sabon marubucin da ake lallashi, bari kuma na cika rumbun da Hausar da babu Bahaushen da ke yin ta, wadda kuma na'urorin fassara za su dawo su koya daga gare ta. Idan Badauri ya rubuta da karin garinsu, Bakano ya mayar da shi daidaitacciyar Hausa, wa ke da gaskiya? Ga kuma bambancin rubutu tsakanin Najeriya da Nijar, inda Najeriya ke rubuta 'y Nijar ke rubuta ƴ. Ma'aikacin gidauniya da ke San Francisco ba shi da ta cewa a nan. Abin da gidauniyar ta yi a ƙarshen 2020 shi ne amincewa da ƙa'idar ɗa'a guda ɗaya da ta hau kan dukkan sassa, wadda ta haramta cin zarafi da amfani da muƙami wajen danniya, ta bar sauran al'amura ga kowane harshe.

Rijiya ɗaya, guga da yawa

Masana sun daɗe da sanin wannan matsala a wajen intanet. Elinor Ostrom, wadda ta karɓi kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, ta yi nazarin yadda jama'a ke tafiyar da abin da suka yi tarayya a kansa, kamar makiyaya a tsaunukan Suwizalan da magudanan ban ruwa a Sifen da Filifin. Ta tarar da al'ummomin da suka yi ɗaruruwan shekaru suna raba ruwa da ciyawa ba tare da gwamnati ko kamfani ya karɓe ba. Abin da ta ga sun yi tarayya a kai shi ne an san ɗan ciki da ɗan waje, waɗanda doka za ta hau kansu suna da baki wajen yin ta, masu sa ido suna ba da bahasi ga jama'a, hukunci yana farawa daga mai sauƙi kafin mai tsanani, sulhu ba ya tsada, kuma ƙaramin mataki yana da na sama da shi.

Daurawa ba baƙin wannan batu ba ne. Labarin da garin ya fi shahara da shi a kan rijiya yake: macijin rijiyar Kusugu ya hana mutane ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya kashe shi. Abin lura shi ne bayan an kawar da mai tsare bakin rijiya ba a bar gari kara zube ba. Tsarin da ya wanzu mai hawa-hawa ne, mai unguwa yana ƙarƙashin dagaci, dagaci yana ƙarƙashin hakimi, hakimi yana ƙarƙashin Sarki, masu sana'a kuma suna da sarkin pawa da sarkin maƙera da ke sasanta nasu. Wanda mai unguwa ya danne yana da gaba. Wanda admin ya cire da tsakar dare ba shi da ita.

Masu cewa a bar zaure ba doka ba shugaba ma ba su tsira ba. Wata marubuciya Ba'amurkiya, Jo Freeman, ta nuna tun farkon shekarun 1970 cewa ƙungiyar da ta ce ba ta da shugabanci takan ƙare a hannun 'yan abokan da suka san juna, suna yanke shawara a gefe, kuma ba a iya sauke su tunda ba a taɓa naɗa su ba. A zaurukan Hausawa wannan yakan fito ta fuskar girma. Babu dokar da ta hana yaro ko mace magana, amma idan Alhaji ko Malam ya turo labarin da ba shi da tushe, kunya takan hana kowa cewa uffan, sai dai a jera masa addu'a. A irin wannan wuri rubutacciyar doka kariya ce ga ƙarami, domin admin zai iya goge saƙon ya ce ƙa'ida ce, ba raini ba.

Inda hukuma ke shigowa

Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ɗan Najeriya 'yancin faɗar albarkacin baki, na 40 ya ba shi 'yancin taro da ƙungiya, na 45 kuma ya ba da damar taƙaita su saboda tsaro da zaman lafiya da haƙƙin wasu. Dokar laifukan intanet ta 2015, a sashe na 24, ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 3 ko tarar naira miliyan 7 kan saƙon da ke cin fuska ko ɓata rai, kalmomin da suka yi faɗi har aka riƙa kama 'yan jarida da masu suka da su. Kotun ECOWAS ta ce sashen ya saɓa wa 'yancin magana, a 2024 kuma aka yi masa gyara aka taƙaita shi. Ƙudurin dokar kafofin sada zumunta da aka gabatar a Majalisar Dattawa a 2019 bai zama doka ba. A Nijar akwai dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka sassauta a 2022, gwamnatin soja kuma ta dawo da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi a 2024. Ke nan saƙo ɗaya a zauren dangin da ya ratsa Kongolam yana ƙarƙashin dokoki biyu.

Kullen saƙo ba ya kare mutum daga waɗannan dokoki, domin hoton hira da wani mamba ya ɗauka ya isa a fara bincike. A Indiya an sha kama admin saboda abin da wani ya turo, har manyan kotunan Bombay a 2021 da Kerala a 2022 suka yanke cewa zama admin kaɗai ba ya sa mutum ya ɗauki laifin mamba, sai in da haɗin bakinsa. Hukuncin ya yi daidai, domin admin ba ya ganin saƙo kafin ya fita, kuma ɗora masa laifin kowa zai sa ya kulle zauren ne kawai. Sai dai ɗan sanda da alƙali makami ne mai nauyi ga rigimar da gargaɗi da goge saƙo za su iya kashewa tun tana ƙarama.

Wasu zauruka sun fara cike giɓin da kansu. Suna rubuta manufa da ƙa'idoji a bayanin zaure, suna naɗa admin fiye da ɗaya daga ɓangarori daban-daban, suna gargaɗi kafin cirewa, suna bayyana kuɗin da aka tara da yadda aka kashe, suna kuma amfani da ƙuri'ar jin ra'ayi da WhatsApp ya ƙara a 2022. Duk wannan yana tafiya ne muddin mai riƙe da zauren ya yarda. Manhajar ba ta da hanyar da mambobi za su haɗu su sauke wanda ya kafa zaure, kuma idan admin ɗaya tilo ya fice bai naɗa kowa ba, ita ce ke ɗaukar wani mamba ta ba shi muƙamin ba tare da an tambayi kowa ba.